Gambiya: baƙi na zuwa, amma ina kuɗinsu ke tsayawa?

Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, jirage kan yi ta sauke Turawa masu gudun sanyi a Gambiya, su nufi bakin teku a Kololi da Kotu da Bakau. Hukumomi kan yi murna idan adadin baƙi ya ƙaru. A ganina, masaukin da baƙon ya zaɓa ya fi adadin muhimmanci, domin shi ke nuna wanda zai ci moriyar zuwansa.

Da yawa tun suna gida suke biyan komai a dunƙule: jirgi, ɗaki, abinci sau uku da abin sha. Kaso mai tsoka ya riga ya tsaya a hannun kamfanin da ya shirya tafiyar. Da baƙo ya iso otal sai a ɗaura masa zoben roba a hannu, alamar ya ci ya sha ba tare da ya zaro ko dalasi ɗaya ba. To, me zai fito da shi waje? Matar da ta jera gwanda da ayaba a rumfa kusa da katangar otal tana ganinsa yana wucewa a ƙoshe. Mai tasi da mai sassaƙa da mai ƙaramin gidan abinci su ma haka suke yini.

Gwamnatin ƙasar ta taɓa haramta wannan tsari a 1999, amma ba a daɗe ba ta janye, saboda manyan kamfanonin Turai ne ke cika jiragen. An ga haɗarin dogaro da su a Satumbar 2019, lokacin da Thomas Cook, babban kamfanin shirya tafiye-tafiye na Birtaniya, ya durƙushe ana dab da shiga kakar baƙi.

Gaskiya ne manyan otal na ɗaukar ma'aikata, kuma mai iyali yana son sanin abin da zai kashe kafin ya taso. Hayar gidajen unguwa ga baƙi ta shafin intanet na Airbnb ma tana da nata ciwon: tsadar haya ce ta sa hukumar birnin Barcelona na ƙasar Sifen ta yanke shawarar daina lasisin irin waɗannan gidaje nan da 2028.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ƙarfafa tsarin kwana da karin kumallo kawai, a taimaka wa ƙananan masaukai na 'yan ƙasa su inganta tsafta da tsaro. Otal ɗin da ya dage sai ya ciyar da baƙonsa sau uku kuwa, a sanya masa sharaɗin sayen kifi da tumatir da ƙwai daga masunta da manoman Gambiya.