Tsadar Siminti Ba Hujjar Fasa Kowane Dutse Ba Ce

Tun da farashin buhun siminti ya yi tashin gwauron zabi, maganar da ake ji daga masu gine-gine a Kaduna, daga Millennium City har Rigasa, ita ce a gaggauta ba kamfanoni lasisin fasa dutse, a daina ɓata lokaci da binciken muhalli. Wannan ra'ayi ne mai haɗari, kuma masu yaɗa shi ba su san dutsen da suke magana a kansa ba.

Duwatsunmu na Kufena da Kajuru masu tauri ne, ruwa ba ya cin su. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Mfamosing ta Kuros Riba, ko Kalambaina ta Sakkwato, ko Ashaka ta Gombe, halinsa daban ne. Ruwan sama yana narkar da shi a hankali cikin dubban shekaru, har ya huda kogwanni da hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Duk ƙazantar da aka zubar a irin wannan wuri kai tsaye take shiga rijiyoyin mutane, domin babu yashin da zai tace ta. Idan kuma aka dasa nakiya, ko aka zuƙe ruwan ƙasa da burtsatse, rufin kogon yakan rufta da abin da ke samansa. A jihar Florida ta Amurka, a 2013, ƙasa ta haɗiye ɗakin kwana da mutumin da ke ciki.

Masu cewa kamfanoni suna samar da aiki ba su taɓa lissafa kuɗin ruwan sha na ƙauyen da rijiyarsa ta gurɓace ba.

Abin takaici shi ne doka tana nan. Dokar binciken tasirin muhalli ta 1992 ta wajabta nazari kafin manyan ayyuka, dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa nauyin gyara wurin da ya lalata, ga kuma NESREA, hukumar tarayya da ke sa ido kan bin dokokin muhalli. Amma rahoton da mai neman lasisi ya biya kuɗin rubutawa, wanda mazauna wurin ba su taɓa gani ba, takardar cika sharaɗi ce kawai.

A Kaduna ɗakin gwaje-gwajen hukumar binciken ƙasa ta tarayya yake. A sa masananta su zana taswirar inda kogwannin nan suke, a buga ta kowa ya gani, kuma kada ma'aikatar ma'adinai ta sa hannu kan lasisi a wurin da taswirar ta hana.