Harsunan Filifin ba 'ya'yan Sifaniyanci ba ne

Da yawa idan suka ji sunan mutumin Filifin kamar Santos ko Reyes, sai su ɗauka harshensa ma daga Sifaniyanci ya tsiro. Akwai dalilin wannan zato. Sifaniya ta mulki tsibiran daga 1565 zuwa 1898, kuma ta bar kalmomi birjik: teburi a Tagalog, ɗaya daga manyan harsunan ƙasar, mesa ne, kujera silya, gaisuwar kumusta ma daga cómo está aka lanƙwaso ta.

Amma aron kalma daban, asali daban. Hausa cike take da kalmomin Larabci, duk da haka ba daga Larabci ta fito ba. Harsunan Filifin irin su Tagalog da Cebuano da Ilocano 'yan dangin harsunan Ostiroinishiya ne, waɗanda yawancin masana ke ganin masu magana da su sun tsallako daga Taiwan a kwale-kwale kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Lissafi ma ya tona asirin: biyar a Tagalog lima ce, a Malay lima, a Hawai lima. Ido kuwa mata ne a Tagalog da Malay. Har Malagasi na Madagaska ɗan uwansu ne, can kusa da gaɓar Afirka.

Kafin zuwan Turawa mutanen Filifin suna da rubutunsu, Baybayin. Kalmar godiya salamat kuwa daga Larabci ta biyo ta Malay, tushe ɗaya da salamar tamu.

Wanda ya fito daga Sifaniyanci da gaske shi ne harshen Chavacano na birnin Zamboanga a Filifin.