Bargar da Ke Karɓar Kuɗin Likita Alhali Babu Likita a Cikinta

Duk mai dokin da ya kai dabbarsa bargar haya, ya kuma yarda ya biya ƙarin kuɗi saboda an rubuta masa a takardar yarjejeniya cewa akwai likitan dabbobi a wurin dare da rana, abu guda yake saye: tabbacin cewa idan doki ya kwanta ciwo a tsakar dare, hannun masani zai taɓa shi cikin mintoci. Abin takaici shi ne yadda wasu masu barga suka mayar da wannan alkawari kayan talla. Sunan likita yana nan a allon ƙofa, ɗakin magani yana nan a kulle, shi kuwa likitan sai ya ga dama yake leƙowa, ya zaga da rana, ya sa hannu a littafi, ya tafi. Wannan cin amana ne, kuma ba zan kira shi da wani suna mai laushi ba.

Wanda bai san doki ba zai iya cewa jinkirin awa biyu ko uku ba wani abu ba ne. Doki ba ya iya amai. Tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, amma hanjinsa ya kai kusan mita 30 a tsawo, a naɗe cikin lanƙwashe-lanƙwashen da abinci ke iya toshewa, iska ta taru, ko hanjin ya murɗe gaba ɗaya. Shi ya sa ciwon ciki yake cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki. Idan hanji ya murɗe, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa, kuma tiyatar da za ta ceci rai da magariba tana iya zama aikin banza kafin asuba. Lafiyayyen doki zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya. Idan ta haura 60, magana ta yi tsanani. Wa zai auna wannan, ya duba launin dasashi, ya saurari motsin hanji, ya zura roba ta hanci zuwa tumbi don rage abin da ya taru, idan ba likita ba?

Na ga wannan sakaci da idona a kan goɗiyata. Da aka kira ni na isa, na tarar da ita jiƙe sharkaf da gumi, tana tonon ƙasa da ƙafar gaba, tana waiwayen kwiɓinta, ta kwanta ta yi birgima ta tashi, har gefen fuskarta ya kuje a jikin bango. Abincinta na yamma yana nan a komi ba ta taɓa ba, babu kashi ko kaɗan a ɗakin, wanda ke nuna ciwon ya daɗe da farawa. Na tambayi ina likita, aka ce wayarsa ba ta shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na ji cewa yaron barga ya riga ya yi mata allurar kashe raɗaɗi bisa umarnin manaja, ba tare da wani masani ya duba ta ba. Irin wannan allura tana ɓoye alamun ciwo, ta sa a zaci doki ya samu sauƙi alhali hanjinsa na ƙara lalacewa. Ban ga laifin yaron ba, domin abin da aka sa shi ya yi, kuma shi kaɗai ya kwana tsaye yana zagayawa da ita. Likitan waje na nemo da kaina, shi Allah Ya sa ya zama sanadin tsirarta.

Bayan haka na fara lura da sauran al'amuran wurin, sai na ga ɓarnar ta wuce ta dare ɗaya. Doki na shan ruwa lita 25 zuwa 50 a yini, amma bokitai kan wuni a bushe ko da gansakuka a gindinsu. Ciyawar da ya kamata ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin doki kullum an rage ta, an cike giɓin da hatsi mai yawa a lokaci guda, wanda shi kansa yana jawo ciwon ciki da kumburin cikin kofato. Gyaran kofato da ake yi duk mako 6 zuwa 8 sai mai doki ya yi ta naci. Sabon doki kuwa ranar da ya iso ake haɗa shi da sauran, maimakon a killace shi mako 2 zuwa 3, ko da yana tari da majina. Likitan da ke zaune a wuri da gaske ba zai bar ko ɗaya daga cikin waɗannan ya wuce ba.

Da na kai kuka ofis, sai aka yi kunnen uwar shegu da ni, daga baya aka ce ai yarjejeniyar ba ta fayyace sa'o'in aikin likita ba. Ƙarshen wata kuma takardar biya ta zo da kuɗin kulawar likita cif, har da kuɗin allurar da ta kusa hallaka mini dabba. Na ƙi biyan wannan ɓangare, na kuma buƙaci a ba ni a rubuce sunan likitan da ke bakin aiki a daren, lambar rajistarsa, da littafin da ke nuna lokacin da aka fara ganin alamun ciwon. Idan ba su kawo ba, zan miƙa ƙorafin ga hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista, kuma zan sanar da duk mai doki a bargar abin da ya faru, tare da kwafin takardun.