Ƙanena, kar ka rantse da shekara, ka fara da mako guda

Assalamu alaikum samarin Maraɗi, musamman ku da kuka yanke shawarar rabuwa da ƙwaya. Da ku nake magana yau.

Babu abin da ke tayar min da hankali a bakin wanda ya daina shaye-shaye kamar babbar rantsuwa. Yaro ya kwana uku bai haɗiyi tramol ba, sai ka ji ya dafa Alƙur'ani: shi da ita har abada, kafin Sallar layya zai sayi babur na kansa, ya biya duk bashin da ke wuyansa, ya kai kuɗin aure. Niyyar ba ta da laifi. To amma idan wata ya mutu babu babur, babu ko kuɗin goro, sai ya ɗauki kansa wanda ya kasa. Shi kuwa mai ƙwaya maganin baƙin ciki ɗaya ya sani, kuma ya san teburin da ake sayar da shi.

Ku dubi yadda aka hana sahabbai giya. Ba a rana ɗaya aka yi ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta girma. Aya ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Sai daga baya aya ta 90 a Ma'ida ta ce a nisance ta baki ɗaya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta faɗa a hadisin Bukhari cewa da hanin giya ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barin ta ba. Kar wani ya juya min magana: haramcin ya riga ya tabbata, ba lasisin ci gaba da sha nake ba ka ba. Ina nuna maka ne cewa Wanda ya halicci zuciya ya san da sannu take miƙewa.

Burin makonka na farko kada ya wuce abu guda: ka ga likita, a CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwarku, ko babban asibitin jiha, ka faɗa masa gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Dalili kuwa jiki ne. Tramol da likita ke rubutawa galibi miligiram 50 ne, kuma ko ga mai tsananin ciwo ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye akwai mai 120, akwai mai 225, wasu kuma biyu-biyu suke watsawa da shayin safe. Jikin da ya saba da wannan, ranar da aka yanke masa zai yi bore: zufa, hamma, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci, fargaba marar dalili. Abin yakan fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda ko fiye kaɗan, amma kasala da rashin barci suna iya jan makonni. Wanda kuma yake haɗawa da diyazefam, ƙwayar sa barci, yanke ta farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Likita ne ya san yadda ake rage shi. Wannan ba ragwanci ba ne, kuma ba aljanu ba ne.

Bayan nan sai maganar lokaci, wadda a ganina ta fi kowace wuya. Ƙwaya ba jini kaɗai take kamawa ba, tana da sa'arta da wurinta da mutanenta. Ga mai kabu-kabu, da sassafe ne kafin ya hau babur. Ga ɗan dako a babbar kasuwa, sa'ar da mota ta tsaya za a sauke buhu. Ga da yawa kuma bayan isha'i ne a fada, an ɗora butar shayi, hira ta yi daɗi. Zauna ka gano taka sa'ar, ka ba ta aiki tun kafin ta zo. "Zan gyara halina" ba buri ba ne, don ba ka da yadda za ka san ka cika shi. Amma "daga yau zuwa Juma'a, magariba da isha'i a masallacin unguwa, tsakaninsu ina gaban malam, daga nan gida", wannan ana iya ƙirga shi da yatsu. Idan fadarku ta can ƙarshen layi ce, bi ta wani layin ko da ya fi nisa. Ba na ce ka yi gaba da kowa ba. Ku gaisa a hanya, ka wuce. Zama da maɗaukin kanwa dai an san abin da yake jawowa.

Kuɗi a aljihu da dare fitina ne. Abin da ya rage bayan ka sallami mai babur, miƙa wa inna ko yayanka kafin ka fita. Dala 100 kullum, a wata jikka 15 ke nan. Ba ta sayen babur, amma tana biyan bashin mai shago guda, kuma ranar da ka biya shi za ka wuce ƙofarsa kanka a sama. Mutum ɗaya ya isa ya zama shaidarka, wanda ba ya tona asiri kuma ba ya jin nauyin tambayar ka. Ku riƙa zama duk Juma'a ku duba abin da aka cika. Sai an cika sau huɗu a jere a ƙara wani burin, kamar koyon walda ko ɗinki, ko komawa lakkol.

Iyaye, ku ma a taimaka. Yaron da ke mako na biyu ba ya buƙatar a riƙa jera masa abin da ya sace bara, kuma ɗaure shi da mari ba ya cire ƙwaya daga zuciya.

Idan ka zame ka sha, kar ka ce ai shi ke nan, tunda an ɓata a ƙarasa. Gaya wa shaidarka a ranar, ku binciko me ya kai ka: yunwa ce, faɗa ne a gida, ko kuɗi ne suka kwana a hannunka? Kuma ka san wannan: bayan makonni ba ka sha ba, jikinka ya daina jure adadin da, abin da kake haɗiya a baya kana tuƙi yanzu yana iya tsayar maka da numfashi. Duk wanda kuka tarar an tashe shi bai tashi ba, numfashinsa na fita da ƙyar, ko yana jijjiga, kar ku ɗura masa madara ko ruwa. Ku kwantar da shi ta gefe ɗaya, a nemo abin hawa, a kai shi asibiti nan take.