Mai ciki da asma: tsoron magani ya fi maganin illa

A Damagaram, da mace ta tabbatar ciki ya shiga, shawarar farko da take samu daga uwar miji ko maƙwabciya ita ce ta bar duk wani maganin bature, kada ya taɓa ɗan. Ga wasu ƙwayoyin, gaskiyarsu. Ga mai asma kuwa, shawara ce mai haɗari.

Ɗan tayi ba ya numfashi da kansa, iskar da ke cikin jinin uwa yake samu ta mabiyiya. Duk daren da uwa ta kwana zaune, ƙirji na fito, shi ma a takure ya kwana. Asmar da aka bari ba kulawa tana ƙara haɗarin hawan jinin masu ciki, da haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi. Maganin shaƙa kuwa, ko Ventoline mai buɗe ƙirji nan take, ko na kullum irin budesonide da beclometasone, an daɗe ana ba masu ciki, kuma kaɗan ne ke shiga jini. Na kullum ɗin ne ma aka fi watsarwa, don ba a jin aikinsa a take, alhali shi ne ke hana ciwon tashi.

Likitoci kan ce kusan kashi 1 cikin 3 na masu asma ciwon yakan tsananta da ciki, galibi daga tsakiyarsa zuwa wajen wata na 8. To a ce watannin nan sun faɗo cikin hunturu, hazo ya rufe Birni da Zango, an kulle taga, ga hayaƙin icce a madafa, ga turaren wuta a kasko, ga maganin sauro na ƙonawa. Turaren nan dai, na san mata ba sa son a taɓa shi, amma ɗakin mai asma ba wurinsa ba ne.

Laifin ba na gida kaɗai ba ne. A wurin awo ana gwada jini da nauyi, a ba da ƙwayar ƙarin jini. Me zai hana ungozoma ta ƙara da "Kina da fuka? Sau nawa take tashe ki da dare?" ta rubuta a kati? Rubutun nan yana da amfani ranar haihuwa, domin carboprost, ɗaya daga cikin alluran tsayar da zubar jini, yana iya shaƙe mai asma.

Maigida kuma ya sani: in ta shaƙi magani bai sake ta ba, ko ta kasa kai ƙarshen magana sai ta tsaya jan numfashi, ko motsin ɗan ya ragu, ba a jiran gari ya waye. A nemi abin hawa, a nufi asibiti.