Kafin Ka Buɗe Blender, Ina Fensirinka?

Jiya da daddare ƙanena da ke zaune a Gwallameji, nan Bauchi, ya turo min katun ɗin da ya shafe mako uku yana haɗawa a laftof da Blender, manhajar yin katun a kwamfuta. Wani mutum ne ya ɗauko buhu daga kasuwa. Haske ya yi kyau, hular kansa har ɗinkinta ya fito. Amma da mutumin ya fara tafiya sai dariya ta kama ni. Buhun kamar iska aka hura masa, kafaɗa ba ta sauka ba, wuya bai karkata ba, ƙafafu na sulɓewa a ƙasa kamar an sa musu taya. Na ce, "Kai, ka taɓa zama ka zana ɗan dako?" Ya ce, "Haba Yaya, ni ba na zane, ai kwamfuta ce ke yi."

To a nan nake da ja da yaranmu masu son wannan sana'a. Kai ne kake tsayar wa kwamfuta da manyan tsayuwa, ka ce ga yadda mutum yake a nan, ga yadda yake a can, ita kuma ta lissafa abin da ke tsakani. Ba ta san nauyin buhun masara ba. In ka ba ta tsayuwa marar rai, haka za ta maimaita maka ita hoto 24 a kowace daƙiƙa, ba ruwanta.

Je ka kasuwar Muda Lawal da safe lokacin da ake sauke kaya. Kafin ɗan dako ya ɗaga buhu sai ya fara durƙusawa, ya ja numfashi, ya ɗan koma baya. In buhun ya hau, ƙugunsa ya karkata gefe ɗaya, takunsa ya gajarta, hannun da ba ya riƙe da komai ya buɗe don kada ya faɗi. Sau dubu ka wuce wannan, amma ba ka gan shi ba sai ranar da ka ce za ka zana shi cikin rabin minti kafin ya ɓace cikin jama'a.

Su kansu waɗanda muke kwaikwayo daga takarda suka taso. Toy Story na 1995, fim na farko mai tsawo da aka yi gaba ɗayansa da kwamfuta, daraktansa John Lasseter zanen hannu ya koya a makarantar CalArts a Amurka. Ƙa'idoji 12 na motsin katun da Frank Thomas da Ollie Johnston na Disney suka wallafa a 1981 kuwa, masu fensir ne suka haƙo su, har yau da su ake koyarwa.

Na san akwai gwanayen da zanensu bai taka kara ya karya ba, kuma ba cewa nake sai ka iya zana fuskar kawunka ta fito sak ba. Ko mutum-mutumin tsinke ne, a ga inda nauyi ya sauka. Ga shi kuma takarda ba ta jiran Nepa, wannan kaɗai a garin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙanen nawa ya ɗan yi fushi, amma mun yi da shi ranar Asabar bayan asuba zan biya in ɗauke shi mu je kasuwa zane. Littafin zane da fensir biyu na riga na saya a kasuwar Wunti.