Daɓen garejin da bai ga ƙarshen damina ɗaya ba

Da idona na tsaya ina kallo lebura biyu suna farfasa daɓen garejina da guduma, daɓen da bai cika wata 8 ba. Wallahi duk saukar guduma a ƙirjina nake jin ta. Abin da ya fi ƙona min rai, ba su ko yi gumi ba. Kankaren da ya kamata ya wahalar da ƙato, yana ruguzowa kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

Ɗan fili ne a bayan gidana a Kubwa, ƙafa 20 da ƙafa 13. Na ce a zagaye shi da bulo mai inci 9, in riƙa sa mota, gefe guda kuma uwargida ta samu wurin ajiye buhunan abinci. A watan Maris na 2024 aka yi aikin, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 kowa yana kuka. Ni da kaina na je Dei-Dei na sayo siminti da ragar ƙarfe da baƙar leda, na biya tifar tsakuwa daga Mpape, ga kuɗin dako da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ban rage wa magini ko sisi a kuɗin aikinsa ba. Ban ce ya yi min araha ba, cewa na yi ya yi min aiki.

Kuma mun yi magana baki da baki kafin a ɗaga shebur. Kaurin daɓe inci 6, tunda mota za ta hau. Kwaɓi 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, wanda yake kwano 2 ne a kwanon magina, sai kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. A wannan faɗin, lissafi yana kai mutum wajen buhu 23, na ajiye 25 don kada a ce ya gaza. A zuba jar ƙasa kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a daddaɓe kowane hawa kafin a ƙara wani. A shimfiɗa leda don kada danshi ya taso, a ɗora raga a kan 'yan duwatsu ta zauna cikin kankare, ba a ƙasansa ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, ka je wurin aikinka hankali kwance, shekara 20 ina wannan sana'a."

To, ga abin da guduma ta tono. A bakin ƙofa, inda ido ke gani, inci 6 ne cif. A tsakiya, inda tayar mota ke tsayawa, da ƙyar ya kai inci 3. Leda babu ita ko ƙyalle, ban san inda tawa ta tafi ba. Ragar tana kwance a kan ƙasa ta yi jajur da tsatsa, ba ta riƙe komai ba. Ciko kuwa ba jar ƙasa ba ce, tarkace ne: fasassun bulo, ledojin fiya wata, yagaggun buhunan siminti, har da tafin tsohon silifa na ciro da hannuna. Aka watsa ƙasa a kai, aka rufe da kankare. Wannan ba kuskure ba ne, mutum ba ya binne silifa bisa kuskure.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi ba ni haushi domin ita ce mafi sauƙi. Duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini ya san kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, da ruwa yake nuna. Aƙalla kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. A zafin Maris na Abuja, in ka bar shi yini guda a buɗe ya ƙone. Na ba da kuɗin mai ruwa na mako guda cur. Maƙwabcina ne daga baya yake gaya min kura biyu kawai ya ga an shigo da ita, rana ta uku kuma an riga an hau kai ana jera bulo.

Ruwan farko na Afrilu bai nuna komai ba. Zuwa Yuli, in na goga makullin mota a daɓen sai yashi ya taso. In na ƙwanƙwasa tsakiya sai ya amsa kamar ganga, alamar ƙasa ta zauna ta bar rami. A Agusta tsaga ta taso daga kusurwa ta ratsa har ƙofa, ta hau bango, ɗan yatsana yana shiga. Danshi ya bi bulo ya yi fari-fari, buhun masara biyu suka yi funfuna muka zubar.

Na kira maginin ya zo ya gani. Ya zagaya, ya taka tsagar da takalmi, ya ce, "Alhaji, ai ƙasar wurin nan ce haka, sai haƙuri. Ƙaddara ce." Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ƙasa ce ta sayar da ledata? Ƙasa ce ta cinye min buhu 10 na siminti?" Ya yi shiru yana kallon wayarsa. Tun ranar bai sake ɗaga kirana ba, kuma na ji yana can yana zuba wa wani bawan Allah fandisho a Dutse.

Yanzu ina biyan kuɗin fasawa, kuɗin kwashe ɓaraguzai, ga bango ɗaya da dole a sauke shi. Na ɗauki hutun mako guda a ofis. Siminti yana ɗakina a kulle, buhu ɗaya-ɗaya zan riƙa fitarwa, a farka a gabana, in ƙirga kwano da bakina. Tiyon ruwa kuma ni zan riƙe, safe da yamma, har kwana 7 su cika.